Kafin ki ce kwamfutar gida ta gama yayi

Kwamfutar da muke amfani da ita a gida laftof ce ta hannu, ƙirar 2012, irin waɗanda ake shigo da su bayan sun gama aiki a ofisoshin Turai. Da ita nake buga wa ɗalibaina tambayoyin jarrabawa, da ita nake haɗa sakamako a Excel ƙarshen kowane zango. Bana kuma 'yata ta fari ta ƙara mata aiki, atisayen JAMB, tunda tun 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Duk wannan nauyi yana kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Core i5 zubi na uku, da RAM 4GB, inda take riƙe aikin da ake kan yi, da faifan ajiya mai juyawa na 500GB.

Tun ƙarshen damina ta fara saiɓi, hunturu na shigowa abin ya ta'azzara. In na kunna ta sai na je na ɗora girki na dawo kafin ta yarda a taɓa ta. In buɗe Word, ta sandare. Fanka tana ta kuka, gefen hagu ya yi zafin da ba a iya ɗora ta a cinya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da na ga yarinyar nan tana amsa tambayoyi, agogon atisaye yana tafiya, ita kuma tana jiran shafi ya buɗe. Ta juyo ta ce, "Umma, a haka zan saba da saurin?"

Ƙanena da ke karatu a Samaru bai ɓata lokaci ba. "Yaya, wannan ai ta gama yayi. Ki rabu da ita ki sayi wata." Na san don ya tausaya mini ya faɗa, amma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi. Kuɗin da aka faɗa mini na sabuwa mai ɗan dama-dama ya haura albashina na wata. Na ce ba zan taɓa kuɗin makarantar yara ba sai na san takamaimai abin da ke damunta.

Wurin da ake fara dubawa yana cikin Windows ɗin kansa, kuma kyauta ne. A danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe, a shiga Performance. Abu uku ne za a sa wa ido: CPU, wato furosesa, da Memory, wato RAM, da Disk, wato faifai. A tawa, furosesa bai fi kashi 20 cikin 100 yake aiki ba. RAM ya haura kashi 80 alhali burauza kawai na buɗe. Shi kuwa faifai ya maƙale a kashi 100, ba ya sauka ko da ba na taɓa komai. Nan na gane cewa injin motar lafiya lau yake, hanya ce ta cushe, irin cunkoson kasuwar Sabon Gari ranar jajiberin sallah.

Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Faifai irin na da wani faranti ne da ke juyawa sau 5400 a minti ɗaya, da ɗan hannu da ke yawo a kansa yana neman inda aka ajiye kowane abu. In babban fayil ɗaya zai karanta, yana iya kai wa MB 100 a daƙiƙa, amma Windows dubban ƙananan fayiloli yake nema a warwatse, a nan ne yake durƙushewa. Sannan idan RAM ya cika, Windows kan kwashe wani ɓangare ya zuba a kan wannan faifan da dama ya gaji. Ƙarancin RAM ɗin ma kansa a kan faifan yake ƙarewa.

Na fara da abin da ba ya cin ko sisi. A shafin Startup na Task Manager na kashe manhajojin da ke tashi da kansu tare da kwamfuta. Na tarar da maganin bairos har guda biyu suna aiki lokaci ɗaya, kowanne yana bincikar faifai, na cire su na bar wanda Windows ya zo da shi. Haka na cire wata manhaja da ke alƙawarin ƙara sauri, wadda ba ta da aiki sai talla. Ta ɗan sami sauƙi, amma kaɗan.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne wata 'yar manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, da ke karanta rahoton lafiyar da faifai ke ajiyewa game da kansa. Shuɗi yana nufin lafiya, ja yana nufin ya lalace. Nawa ruwan ɗorawa ya nuna, alamar cewa wasu gurabe a jikinsa sun fara mutuwa. A daren na kwashe hotunan iyali da takardun makaranta na zuba a filashi, muhimman ciki kuma na tura su intanet. Duk wadda ta ga wannan launi, don Allah kada ta jira gobe. Kuma kada a yarda da fomatin, wato goge komai a sake ɗora Windows, a matsayin magani. Fomatin yakan sa ta yi sauri na ɗan lokaci, amma ba ya warkar da faifan da ke mutuwa.

Daga nan na kai ta wajen wani mai gyara a unguwar PZ da ke Zariya, na kuma ce a gabana za a buɗe. Da ya ɗaga murfin ƙasa ya kwance fanka, sai ya ce, "Malama, matso ki gani." Tsakanin fankar da siraran ƙarafan da iska ke bi ta fita, ƙura ta dunƙule da zaren bargo ta zama wani ɗan kauri ja-ja, ya sa tsinke ya ɗago shi ɗungurungum bai karye ba. Hunturun shekara da shekaru ke nan a tare wuri ɗaya. Man da ake shafawa a kan furosesa don ya miƙa zafi shi ma ya bushe ya farfashe. Furosesa in ya doshi digiri 100 yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, shi ya sa kwamfuta a nan garin take ƙara nauyi da rana tsaka a watan Maris da Afrilu. Ya goge, ya shafa sabon mai, ya busa ko'ina.

Na sayi SSD, wato sabon irin faifan ajiya, mai 256GB da ƙarin RAM 4GB nau'in DDR3, tunda akwai gurbi ɗaya a buɗe. SSD ba shi da abin da ke juyawa, kuma a irin wannan kwamfutar yakan kai wajen MB 500 a daƙiƙa. Kafin in biya na ce, "Injiniya, a duba mini shi da manhajar nan," domin CrystalDiskInfo tana nuna awa nawa faifai ya yi yana aiki, da wuya a sayar miki da tsoho a kwalin sabo. Na ƙara da batir, don na da ya mutu, da an ɗauke wuta take mutuwa nan take, kuma wannan yana cikin abin da ke lalata fayiloli. Tsohon faifan kuwa a jakata ya dawo gida. Akwai hotunan bikin 'yan'uwa mata a ciki, ba abin bari a shago ba ne, komai amanar mai shagon. Duka kuɗin bai kama ƙafar farashin wata laftof ɗin ba.

Yanzu ba ta kai rabin minti ta tashi. Excel yana buɗewa da dannawa ɗaya, fanka ta yi shiru, yarinya tana atisayenta ba tsaiko. Kyamarar tana nan da dishi-dishinta, kuma ba za ta iya haɗa bidiyo mai nauyi ba, amma ba aikinmu ba ne.

Sai dai akwai abin da SSD ba ya gyarawa, kuma a nan ƙanena yana da gaskiya. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, illa ƙarin wa'adin gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuma yana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a jikin kwamfuta, da furosesan Intel daga zubi na takwas zuwa sama, tawa zubi na uku ce. Mai gyaran ya ce zai iya ɗora mata shi ta bayan fage. Na ƙi, domin babu tabbacin za ta ci gaba da samun gyaran tsaro, kuma ina ajiye sunaye da sakamakon 'ya'yan mutane a cikinta.

Shawarar da na yanke ke nan: na yi rajistar ƙarin wa'adin, za ta ci gaba da Windows 10 har yarinya ta gama jarrabawa, tunda manhajar atisayenta ta Windows ce. Bayan haka zan ɗora mata Linux Mint a madadin Windows, wanda kyauta ne kuma yana tafiya lafiya a tsofaffin kwamfutoci, ƙannenta su koyi buga rubutu da LibreOffice. Ni kuma na shiga adashi a makaranta. In kwasata ta zo zan nemi ta hannu, zubi na takwas ko sama, mai RAM 8GB da SSD, kuma sai na kunna ta na duba batir da faifai a shagon kafin in miƙa kuɗi.