Rubutun Bayan Hoto

Maigidan da ya koya mini ɗaukar hoto a Sabon Garin Zariya yana da wata doka da ba ya sassautawa, wato hoto ba ya fita daga shago sai an juya bayansa an rubuta wurin da aka ɗauke shi da ranar da aka ɗauka, da fensir, domin tawadar biro tana iya ratsa takarda ta ɓata fuskar mutum. A lokacin ina ganin wannan ɗawainiya ce kawai irin ta dattawa, kuma ina yin ta ne don gudun faɗa. Sai da na shafe shekaru ina bin tashoshin jirgin ƙasa da kyamara a wuya kafin na gane abin da yake nufi, kuma ba a bakinsa na gane ba.

Son jirgi ya riga son hoto shiga zuciyata. Duk wanda ya tashi a Sabon Gari ya san cewa unguwar a gindin dogo ta girma, kuma a ƙuruciyarmu kukan jirgin asuba yana cikin abubuwan da ake gane lokaci da su. Na tuna tafiyar da muke yi da kakata zuwa Gusau, tana rungume da ƙullin kayanta a kan bencin katako, ni kuma na kafa haɓa a bakin taga. Da zarar jirgi ya rage gudu zai shiga tasha, sai 'yan talla su taso su bi gefen tarago suna ɗaga faranti sama, wannan da rake, wannan da dafaffen ƙwai, waccan da gyaɗa, ana miƙa kuɗi ta taga ana karɓar canji a guje. Lokacin da na mallaki kyamarar kaina, a ƙarshen shekarun 1990, mafi yawan wannan hidima ta mutu, jirage sun yi ƙaranci, sai na ɗauki alkawarin cewa zan adana abin da ya saura kafin shi ma ya tafi.

Abin da na riƙa ɗauka a shekarun farko shi ne tsatsa da kufai: taragun da suka tsaya har ciyawa ta tsiro ta cikin ƙafafunsu, da awaki kwance a inuwarsu, da tagar sayar da tikiti da gizo-gizo ya yi wa saƙa. A nan na koyi sha'anin haske, wanda shi ne rabin sana'ar. Da tsakar rana dogo ba ya ɗaukuwa, domin rana tana bisa kai, ƙarfe da tsakuwa da ƙasa duk sai su zama launi ɗaya. Amma da sassafe, ko bayan la'asar sakaliya, haske yana zuwa ne a kwance, sai ka ga ƙarfen biyu suna sheƙi kamar an ja zare har inda ido ya ƙare. Hazon hunturu kuwa yana shanye duk abin da ke nesa, ya bar maka na kusa tsaye shi kaɗai, ko da yake ƙurarsa tana shiga kyamara, dole mutum ya riƙa naɗe ta a ƙyalle. Fim guda hoto 36 yake ci, kuma kuɗinsa daga aljihuna yake fita, saboda haka nakan daɗe a tsugune ina jiran inuwa ta kai inda nake so kafin in danna. Idan mutum ya shigo cikin abin da na saita, sai in sauke kyamara in jira ya wuce, domin a ganina na lokacin mutane suna ɓata hoto.

Kuskuren da ya gyara mini tunani ƙarami ne. A cikin mako guda na zagaya ƙananan tashoshi huɗu, biyu a kan layin Kano, biyu a kan layin da ya nufi Funtuwa da Ƙaura Namoda, duk a fim ɗaya, ban rubuta komai ba saboda na amince da ƙwaƙwalwata. Ƙananan tashoshin nan kuwa kusan zubi ɗaya aka yi musu: gini mai rufin kwano, da baranda mai ginshiƙai tana fuskantar dogo, da ɗakin shugaban tasha. Bayan shekara biyu na wanke wanda ya fi kyau a cikinsu da girma, na rubuta masa sunan wata tasha ta layin Kano, na rataye a bangon shagona.

Wata rana wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, ya zo ɗaukar ƙaramin hoton fasfo domin tantancewar 'yan fansho. Yana zaune yana gyara hularsa sai idonsa ya faɗa kan bangon, ya tashi ya matsa kusa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Yaro, wa ya ce maka nan ce?" Na ce, "Baba, ai ni na ɗauka da hannuna." Ya ce, "Hannunka ya ɗauka, amma ni shekara goma sha ɗaya na yi a wurin nan, kuma a kan layin Ƙaura take." Ya ɗora yatsa a kan tankin ruwa da ke can gefe, ya ce a tashar da na ambata tankin yana ɗaya ɓangaren ne, sannan ya nuna inda dogo ya rabu biyu ya sake haɗewa, ya ce tsawon wannan rabuwar ma ya isa ya gaya wa mai ido ko ina ne. Kunya ta kama ni ƙwarai, domin mutane da yawa sun ga hoton sun tafi da sunan da ba nasa ba.

Bai tafi ba sai da aka kira magariba. Ya bayyana mini cewa tankin da na sa a hoton don ya cike gurbi shi ne dalilin zaman tashar tun asali, domin kan jirgi mai aiki da kwal ba ya doguwar tafiya sai ya sha ruwa. Rabuwar dogon kuma wurin kaucewa ce, tunda layin tilo ne, jirgin da ya taso daga arewa da wanda ya taso daga kudu ba su da inda za su wuce juna sai a tasha. Ya ce direba ba ya barin tasha sai an miƙa masa wani ɗan sandan ƙarfe, wanda shi ne izinin shiga tsakanin wannan tasha da ta gaba, kuma na'urar da ke riƙe da sandunan ba ta sakin na biyu har sai na farko ya isa an mayar da shi. Ya kwatanta mini yadda yake tsayawa a bakin dogo cikin dare da fitila a hannu ɗaya, yana jin ƙasa tana rawa a tafin ƙafarsa tun kafin ya hango wutar jirgi. Duk abin da na ɗauka a matsayin ado, a wurinsa kayan aiki ne, kuma rayukan ɗaruruwan fasinjoji sun taɓa rataya a kansu.

Wannan zama ne ya tura ni karatu. Na riƙa zuwa Kaduna, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, ina neman asalin wuraren da nake ɗauka. A can na san cewa dogon da ya fara isa Kano ba daga Legas ya taso ba, daga Baro ne a bakin kogin Kwara, an fara shi a 1907 zamanin Gwamna Girouard, ya kai Kano a 1911, kuma layin Legas ya zo ya same shi ne a Minna. Har zuwa 1916, lokacin da aka kammala gadar Jebba a kan kogin Kwara, da jirgin ruwa ake tsallakar da taragu. Reshen da kakata take bi ya isa Ƙaura Namoda a 1929, na Nguru a 1930, Maiduguri kuwa sai 1964 ta ga jirgi, bayan samun 'yancin kai. Idan ka shimfiɗa taswira ka dubi inda rassan nan suka tsaya, za ka ga ba zumuncin garuruwa aka duba ba, kayan da za a kwasa zuwa bakin teku aka bi. Turawa sun sa ran auduga ce za ta cika taragu daga Kano, sai manoma suka ga gyaɗa ta fi riba suka karkata gare ta tun daga 1912, kuma daga nan ne dalar gyaɗa ta samo asali, buhuna jibge suna jiran jirgi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsofaffin hotunan aikin shimfiɗa dogon da na ci karo da su a littattafai. Za ka ga Bature tsaye da malafa, an rubuta sunansa da muƙaminsa a ƙasa, a bayansa kuma ga mutane jere da kwandunan ƙasa a ka, babu sunan ko ɗaya daga cikinsu. Da yawansu ba da son ransu suka zo ba, ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗebo su daga ƙauyukansu, aka raba su da gonakinsu. Na daɗe ina duban fuskokin nan ina tunanin cewa a cikinsu akwai kakan wani da na sani. Sai na ga ni ma abin da nake yi bai yi nisa da na wancan mai hoto ba, tunda shi ya bar mutanen a ciki ya hana su suna, ni kuwa ina jira su fita gaba ɗaya kafin in danna. Har gobe ina kewar jirgin ƙuruciyata, kuma ba na jin laifin hakan, amma tun daga lokacin ba na iya kallon tudun da dogo yake bisa ba tare da na tuna cewa da kai aka ɗauko ƙasarsa ba.

Akwai layin da ma ban same shi ba. Ƙaramin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru domin jigilar kuza, wanda faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne kacal, ya kai tudun Jos a 1914, aka rufe shi a 1957, aka kwashe ƙarafunansa. Na bi ta wajen Soba da Dutsen Wai ina tambaya, abin da na samu shi ne ɗan tudu miƙaƙƙe da ya ratsa gonaki, da tsofaffi 'yan kaɗan da suka tuna rashin saurinsa suna murmushi. Ragowar kayansa suna gidan tarihi na Jos, a tsaye, babu hayaƙi, babu fasinja. Mutanen da suka hau shi shekara arba'in da wani abu ba su ga dalilin adana kamanninsa ba, saboda abu ne na kullum.

Daga nan salon aikina ya sauya. Yanzu idan na isa tasha, kyamara tana cikin jaka har sai na yi sallama, na gaisa da wanda ke kula da wurin, na faɗi abin da ya kawo ni, domin tasha wurin hukuma ce kuma wurin cin abincin wasu. Akwai littafi a aljihun rigata, kuma ba na barin wuri sai na rubuta sunan tashar, da rana, da bangon da na fuskanta, da sunan wanda ya yarda na ɗauke shi da irin aikin da yake yi. Mace ba na ɗaga mata kyamara sai da yardarta, idan yarinya ce sai da ta iyayenta, kuma ina ƙoƙari in koma da hoton a wanke in damƙa wa mai shi. Kyamarorin zamani suna adana rana da sa'a da kansu, wasu har da wuri, amma babu wadda za ta gaya maka cewa mutumin da ke zaune a kan benci shi ne ya yi shekara talatin yana duba ƙusoshin dogo da guduma. Yaran da nake koya wa sana'a kuma abu na farko da nake ja musu kunne a kai shi ne kada su tsaya a kan dogo don neman hoto mai kyau, domin gilashin da ke jawo nesa kusa yana rikita lissafin tazara, jirgi kuwa ko direba ya taka birki sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya.

Da aka dawo da jirgin fasinja tsakanin Legas da Kano a watan Disamba na 2012, ina tashar Zariya a makonnin farko, kuma hotunan da na fi ji da su a lokacin ba na kan jirgin ba ne, na wata tsohuwa ce da ta zo kallo kawai da jikokinta uku. Haka kuma tun da aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016 nake zuwa tashar Rigasa da ke Kaduna lokaci-lokaci. Abokan sana'a suna cewa sabuwar tasha ba ta da abin ɗauka, siminti ne da gilashi, amma ni ina ɗaukar layin masu sayen tikiti, da masu shara, da 'yan dako, da masu keke-napep da ke jiran saukar fasinja, ina rubuta komai, saboda na ga abin da ya faru da dogon kuza.

Hoton nan da na yi wa kuskuren suna yana nan a bangon shago. A ranar, kafin dattijon ya tafi, na ciro shi daga firam na miƙa masa fensir. Ya ja layi ɗaya a kan abin da na rubuta, bai goge ba, sannan a ƙasa ya rubuta sunan tashar na gaskiya da kyakkyawan rubutu irin na mutanen da suka saba cika rajista, ya ƙara da shekarun da ya yi a wurin, da sunayen abokan aikinsa biyar da suka zauna tare. Ya ce huɗu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, na biyar ɗin kuma yana Gusau idan ina son ganinsa. Na je na same shi a damina ta gaba.