Ranar da muka kwashe tsohon sito

Laraba. Tun bayan asuba oga ya kira wai a je Sharaɗa a kwashe tsohon sitonmu na kayan sabis ɗin waya, mai wurin zai karɓi abinsa ƙarshen wata. Niyyata da in je duba wani ƙarfen sabis a hanyar Zariya amma haka na fasa, na ɗauki yaron da yake koyon aiki a hannuna muka tafi cikin hazo, sanyi kamar ya tsaga leɓe.

Baba maigadi ya sha fama da kwaɗon kafin ya buɗu, ya ce rabon da wani ya shiga ciki ya fi shekara biyar. Ƙura kam ba a magana. Akwatunan ƙarfe a jingine, kwalaye, kebul a nannaɗe, katunan inji har yanzu a cikin ledarsu mai ƙyalli ko buɗewa ba a yi ba. Yaron ya goge jikin wani akwati da hannun riga ya tsaya yana karantawa, can ya ce, Oga wane ne kuma Nortel? Wallahi sai da na ɗan yi shiru. An haife shi bayan GSM ta shigo a 2001, ina zai san su.

Na ce masa kamfanin Kanada ne, babba ƙwarai a zamaninsa. A Janairun 2009 bashi ya kai su kotu, daga nan aka yi watandarsu kamar saniya, kowa ya ɗau kasonsa. Ericsson ta ɗauki ɓangaren CDMA da LTE, wato fasahohin sabis ɗin wayar salula, a kan dala biliyan 1.13, Ciena ta ɗauki na faiba, kebul ɗin nan mai ɗaukar saƙo da haske, Avaya wayoyin ofis, su kuma takardun haƙƙin ƙirƙira kaɗai a 2011 aka sayar da su dala biliyan 4.5 ga wasu kamfanoni da suka haɗa kuɗi, har da Apple da Microsoft.

Da na ga baki ba zai fahimtar da shi ba sai na ce to mu ware kayan nan, amma kada ka bi sunan da ke jiki, ni zan riƙa gaya maka wanda ya gaje su. Ya ɗauko Siemens na ce kai dama, wurin Nokia, tun 2007 suka haɗa ɓangaren netwok ɗinsu, a 2013 Nokia ta biya yuro biliyan 1.7 ta saye kason Jamusawan. Ya ɗauko Motorola na ce dama, 2011 aka sayar da ɓangaren nan. Alcatel, dama. Lucent, dama. Su biyun nan sai da suka fara haɗewa da juna a 2006, ɗaya daga Faransa ɗaya daga Amurka, sannan Nokia ta haɗiye su gaba ɗaya a 2016, cinikin yuro biliyan 15.6, har da cibiyar bincike ta Bell Labs inda aka ƙirƙiro taransisto a 1947. Marconi ta Ingila da Nortel na ce hagu, wurin Ericsson. Kafin azahar sunaye shida sun koma tuli biyu a tsakar sito, Huawei da ZTE kowa a gefe shi kaɗai.

Ya ce Oga Nokia dai ba mai tocilan ba? Na ce ita ce, ta sayar wa Microsoft ɓangaren waya a 2014 ta koma kan injinan da ke ba wayar sabis, ko a farkon 2025 ma ta kammala sayen Infinera masu kayan faiba, wajen dala biliyan 2.3.

Ni dai na san dalilin kamfanonin nan na haɗewa kuma ban ce ba su da hujja ba. Kusan duk shekara goma sai an sake sabon salo, 2G, 3G, 4G, yanzu 5G, kowanne kuma sai an zuba kuɗin bincike masu nauyi shekaru kafin a sayar da ko eriya ɗaya, ƙaramin kamfani ba zai iya ba. Ga masu sayen kayan su ma suna haɗewa suna matse farashi, a nan gida ma MTN ta saye Visafone a 2016. Ga kuma Huawei da ta zo da kaya masu sauƙi da rancen bankunan Sin a bayanta, ita ba ta saye-saye ta girma ba, da suka nemi shiga cinikin 3Com, wani kamfanin kayan netwok na Amurka, a 2008 ma maganar tsaro ce ta rushe shi a Amurka. Kuma gaskiya aiki ya ɗan yi sauƙi ta wani ɓangaren, da a ƙarfe ɗaya sai ka tarar da kayan kamfani huɗu kowanne da manhajarsa da irin kebul ɗinsa.

Amma abin da ya ɓata mini rai yana ƙasan wani kwali. Littafin kwas ɗina ne, mai bangon roba, wanda muka yi sati uku a Legas muna koyon wani inji, ga rubutuna da jan biro a gefen shafi, ga lambobin kuskure da na haddace kamar karatun allo. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Shekara biyu bayan kwas ɗin aka yi haɗewa, aka ce injin nan an daina shi tunda akwai irinsa a ɗaya gidan, shi ke nan satifiket ya zama takarda. Ni Allah ya taimake ni na samu wani kwas. Abokina da muka kwana ɗaki ɗaya a Legas ɗin, wanda ya fi ni hannu nesa ba kusa ba, shi aka sallama, don ayari biyu suna aiki ɗaya dole a ajiye ɗaya. Da can in an sallame ka akwai ƙofa bakwai ko takwas da za ka ƙwanƙwasa, yanzu uku ne ko huɗu, kuma duk sun san juna. Can ƙasashen waje ake sa hannu a takarda, amma mutumin da yake hawa ƙarfe a rana da iyali bakwai a gida shi ne yake ji a jikinsa, wannan abu yana ci mini rai har yau.

Bayan la'asar 'yan gwangwan suka zo da sikeli. A kilo suka auna komai, katin da a da sai da sa hannun mutum uku ake fito da shi daga sito haka aka watsa shi cikin buhu. Littafin dai na hana, na sa a mota. Baba ya roƙi akwati ɗaya wai zai riƙa ajiye gero saboda ɓera, oga ya ce ya ɗauka.

Bayan isha na kira abokin nawa, yanzu sola yake haɗa wa mutane, yana da ɗan shago a Sabon Gari. Na karanto masa wata lambar kuskure daga littafin, ban ƙarasa ba ya faɗi ma'anarta da katin da ake canzawa. Mun fi minti arba'in muna hira har uwargida ta leƙo ta ce tuwo ya huce. Ya ce in turo masa yaron ranar Asabar ya nuna masa haɗin batir da inbata, na ce in sha Allahu. Gobe kuma ƙarfe bakwai za mu kama hanyar Zariya, zan fara ba shi injin haɗa faiba ya gwada da hannunsa.