Hasken da ke sayar da talabijin shi ke cinye ta

Ina da ɗan shago a Sabon Gari, Kano, ni da yarana uku, muna gyaran talabijin da ɗaura dish. Da yawa daga cikin talabijin ɗin da ake kira na a kansu lafiyarsu ƙalau, saiti ne kawai ya karkace. Rimot nake ɗauka, ko sukurudireba ba na taɓawa.

Matsalar daga kanti take farawa. Talabijin ɗin da aka jera a shago tana kan saitin talla, Store Mode, launi a kan Vivid ko Dynamic, hasken baya a ƙure, don ta ɗauki idon mai wucewa a cikin fitilun kasuwa. A haka ake kai ta ɗakin amarya, babu mai mayar da ita saitin gida, Home Mode. Bayan gilashin nan kuwa jerin ƙananan fitilun LED ne. Idan suka daɗe a ƙure, ga zafin Afrilu, ga ɗaki a rufe, sai su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Hoto ya koma shuɗi-shuɗi, ko a wayi gari akwai murya babu hoto. Ina haska tocila a gilashin, in na hango inuwar hoto na san fitilun ne. Canza su na cikin abin da ke ciyar da ni, amma wallahi ba na jin daɗin karɓar kuɗin asarar da danna rimot biyu zai hana.

Saboda haka duk inda na ɗaura sabuwa, Backlight, wato hasken bayan nan, nake fara saukewa zuwa wajen rabi. Mutane suna rikita shi da Brightness, alhali a yawancin talabijin wannan na biyun zurfin baƙi yake gyarawa. Ka ɗaga shi, baƙar riga ta koma toka-toka. Masu sola sun fi saurin yarda da ni, don batirinsu ya fi kai su dare.

Kwanaki wata Hajiya ta sa aka kira ni gidanta a Gwale. "Malam, dubi mutanen nan, kamar an shafa musu manja, kuma kowa ya yi ƙiba." Na duba baya, dikodarta da tsohuwar wayar nan mai kai uku take haɗe, ruwan ɗorawa da ja da fari. Na sa wayar HDMI mai fitar da hoto tas, na rage launi, na mayar da shi Warm, wato mai ɗan ja-ja, na gyara faɗin hoto, don tsohon shiri na 4:3 ne, marar faɗi, aka miƙe shi ya cika faffaɗan gilashi na 16:9. Ta ce, "To ai yanzu ya dushe." Na ce, "Hajiya, ki ba idonki kwana uku."

Masu gidan kallon ƙwallo kuma nasu daban ne. Abin nan mai santsantar motsi, da LG ke kira TruMotion, Sony kuma Motionflow, yana ƙirƙiro hotuna tsakanin na asali. A ƙwallo kaɗan daga cikinsa ba laifi, amma in ya yi yawa sai ka ga ƙwallon tana jan inuwa. A fim kuwa kashe shi nake yi gaba ɗaya.

Bayan mako ɗaya na koma gidan Hajiya gyara dish. Jikanta ya mayar da komai kan Vivid. Na sake saitawa, ita kuma ta karɓi rimot ɗin ta tura ƙarƙashin matashinta.