Daren baƙaƙen kofuna a Dijon

Juma'a, tsakiyar watan Nuwamba.

Sai ƙarfe sha biyu saura kwata na dare na shigo ɗaki, amma duk da gajiya na ga gara in rubuta abin da ya faru kafin barci ya shafe rabinsa. Shugaban ɗakin bincikenmu zai yi ritaya a ƙarshen shekara, saboda haka muka haɗa kuɗi muka kama tebur a wani gidan abinci da ke cikin tsohon garin Dijon, a ƙasar Faransa. Tun mako biyu da suka wuce aka sanar da mu cewa abinci kala shida za a kawo ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne zai zo da giyar inabi wadda ba za a faɗi sunanta ba, sai kowa ya ɗanɗana ya canka.

Na daɗe ina jujjuya maganar a raina, domin ni ba na shan giya, kuma na san abin da malamai suka faɗa game da zama a teburin da ake shanta. Sai dai dattijon nan shekara uku ke nan yana riƙe da ni kamar ɗan cikinsa. Na rubuta wa gidan abincin, suka amsa cewa za su yi mini nawa tsarin da ruwan 'ya'yan itatuwa, babu naman alade, babu abin da aka dafa da giya. A kan haka na je, ina roƙon Allah ya yafe mini idan na yi kuskure.

Mu goma sha ɗaya ne. Wata matashiya ce mai kula da giyar gidan, aikin da Faransawa ke kira sommelier, kuma ita ce ta karanta mana ƙa'ida. An zura kowace kwalba cikin baƙar safa har wuya, kofunan gilashin ma baƙaƙe ne wuluk yadda ba a ganin launin abin da ke ciki, sannan aka ba kowa takarda ya rubuta irin inabin, da yankin da aka noma shi, da shekarar girbi. A tsakiyar tebur akwai ɗan bokitin ƙarfe na tofarwa, ko da yake ban ga wanda ya dame shi da ziyara ba. Da ta zo kaina sai ta ajiye mini baƙin kofi da takarda ni ma, ta ce ai babu wanda zai zauna ɗan kallo. Na yi murmushi, ina ganin nawa aikin mai sauƙi ne.

An buɗe da gougères, wasu 'yan dunƙule-dunƙule na fulawa da ƙwai da cuku, masu kama da fanke amma gasassu kuma holoƙo. Daga nan aka kawo wa sauran dodon koɗi cikin man shanu da tafarnuwa, ni kuwa miyar kabewa mai santsi. Na kurɓi kofina na farko na rubuta tuffa, kuma na dace.

Abin kallo shi ne yadda suke ɗanɗanawa. Mutum zai jujjuya kofin, ya cusa hanci ciki ya yi shiru kamar mai sauraron magana daga nesa, sannan ya kurɓa, ya ja iska ta tsakanin haƙora da wata ƙara wadda da yaro ne ya yi ta a gidanmu da ya sha ranƙwashi. Da aka kawo kifi soyayye a man shanu, kusan kowa ya ce giyar da ta zo da shi ta inabin Chardonnay ce daga yankin Chablis, kuma da aka zare safa haka ɗin ce. Matashiyar ta ce tsamin giyar ne ke yanke maiƙon man shanu, kamar dai yadda muke matsa lemon tsami a kan soyayyen kifi. Daga nan kowa ya gyara zama, kai ya fara kumbura.

A kan naman sa ne aka yi abin. Su an kawo musu naman da aka daɗe ana dafawa cikin jar giya, abincin da yankin Bourgogne, inda Dijon take, ke alfahari da shi, ni kuma dankali da naman kaza, wato tsiron nan mai kama da laima. Suka shiga maganar wani sinadari da ke fitowa daga ɓawon inabi da ƙwallonsa, mai sa baki ya yi bauri, wanda kitsen nama ke tausasa shi. Da na ji sunansa sai na gane dangin wanda ke cikin bagaruwa ne, wadda majema ke jeme fata da ita a Kano, na kuwa faɗa musu, shugabanmu ya ji daɗin maganar ƙwarai. Wani abokin aikinmu, haifaffen yankin, wanda kakansa manomin inabi ne, ya ajiye kofinsa ya ce ko cikin barci aka tashe shi ya san wannan daga Gevrey-Chambertin take, ƙauyen da ke kudu da Dijon kaɗan, har ya ambaci shekara. Mutum shida suka bi bayansa. Da aka zare safa, irin inabin dai Pinot Noir ne kamar yadda ya ce, amma daga jihar Oregon ta Amurka. Teburin ya yi tsit, kunnuwansa suka yi ja, ya karɓi kwalbar yana karanta takardar jikinta kamar wanda aka miƙa wa sammaci.

Shugabanmu ne ya fitar da shi kunya. Ya ce ai manyan masana sun riga shi faɗawa wannan rami, ya ba mu labarin ranar 24 ga Mayu, 1976, lokacin da wani ɗan kasuwar giya Bature daga Ingila, Steven Spurrier, ya tara alƙalai Faransawa tara a Paris suka ɗanɗana giyar Faransa da ta jihar Kaliforniya ta Amurka ba tare da ganin suna ba, suka ba Kaliforniya na ɗaya a fara da kuma ja. Ya ƙara da gwajin da aka yi a birnin Bordo na Faransa aka wallafa a 2001, inda Frédéric Brochet da abokan aikinsa suka rina farar giya ta koma ja, ɗalibai 54 masu karatun giya suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta jar giya. A ganina wannan ya fi na farkon ban mamaki, domin a nan ba a ɓoye musu komai ba, idonsu ne da kansa ya yaudari hancinsu. Na yi dariya sosai, wataƙila fiye da yadda ya kamata ga wanda bai kurɓi komai ba.

Cuku ya biyo baya. Na kauce wa Époisses, mai warin da ke isowa kafin faranti, saboda da barasa ake wanke bayansa, na ɗauki Comté. Na ƙarshe shi ne burodin zuma da kayan ƙamshi da aka san Dijon da shi, tare da kofina na shida. Na shinshina, na kurɓa, na ji tsami mai kaifi da ɗan bauri a ƙarshen harshe. Na tuna garin ya yi suna da wasu ƙananan baƙaƙen 'ya'yan itace da ake kira cassis, na rubuta sunansu da gaba gaɗi, har na ce wa na kusa da ni wannan ba ya buƙatar dogon tunani. Matashiyar ta karanta takardata, ta ɗauko farin kofi ta juye ragowar ciki, sai ga ja jawur. Zoɓo ne. Ta ce da ta ji daga inda na fito ne ta sa aka jiƙa shi musamman domin ta faranta mini rai, babu citta, babu kanumfari, sukari ɗan kaɗan. Jikan manomin inabin nan ya taso daga kujerarsa ya zo ya ba ni hannu.

A hanyar dawowa, cikin sanyin da ke ratsa riga, na tura wa maiɗakina saƙon murya na ba ta labari. Ashe ba ta yi barci ba, domin kafin in kai ƙofar gida amsa ta shigo, dariya ta hana ta magana sosai. Abin da na iya ji shi ne: "Haba Malam, zoɓon da nake dafa maka duk azumi?" Na ce mata nata yana da citta, ta ce in dai kwanta, gobe ma yi maganar.