Ranar da aka kai Halifa yaye

Alhamis, da dare.

Ƙarfe 4 da 'yan mintuna Halifa ya lalubo ni cikin duhu kamar kullum, ido a rufe, ƙafa ɗaya a kan cikina, ya kama nono. Da wata ranar ce, da ya ɗan sha sai in zare shi in juya masa baya. Yau na ƙyale shi ya sha iya shansa har ya saki don kansa, barci ya kwashe shi baki a buɗe. Shi bai san shan ƙarshe ke nan ba. Ina kwance idona biyu har aka kira assalatu a masallacin layinmu.

Sanyin bana ba ya wasa. Da na leƙa tsakar gida, tabarmar da na manta ban naɗe ba jiya ta yi fari fat da ƙura. Wuta tun jiya da la'asar aka ɗauke, don haka maganar hita ma ba ta taso ba. Na hura gawayi a kurfoti na ɗora babbar tukunya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tashin gwauron zabi, na kafa wa kaina doka: gas na shayi ne da girkin gaggawa, amma ruwan wanka da dahuwar wake da duk abin da zai daɗe a wuta, wannan aikin gawayi ne. Abban Ummi ya fita masallaci yana rawar ɗari, na yi tawa sallar, sannan aka shiga daga da yara.

Ummi ba ta ba ni wahala, kira ɗaya take tashi. Sadiq ne gwani. Yau ciwon ciki ya ƙirƙiro, yana nishi yana leƙena ta ƙasan bargo. Na ce to sannu, mai ciwon ciki dai ba ya cin ƙosai. Nan take ya samu lafiya. Na yi musu wanka a gurguje a cikin ɗaki saboda iska, na mulke su da man kaɗanya haɗe da basilin har suna ƙyalli, don leɓen Sadiq ya fara tsagewa, ƙafar Ummi kuma kaushi na neman kama ta. Almajirina ya kawo ƙosai, na dama koko da sauran gasarar jiya. Sai da aka zauna karyawa Ummi ta tuna an ba su aikin lissafi, ta yi shi a tsaye, fensir a hannu ɗaya ƙosai a ɗaya, takardar duk ta yi maiƙo. Safar Sadiq ƙafa ɗaya kuma ta yi ɓatan dabo. Na ɗaga katifa, na zazzage kwandon wanki, babu. Haka ya tafi da fara ɗaya da mai ruwan toka ɗaya. Bakwai da kwata babansu ya ɗora shi a tankin babur da hular sanyi har ido, Ummi a baya ta rungume kwandon abincinsu, zai sauke su a makaranta ya wuce Kantin Kwari. A ƙofa ya waiwayo ya ce, "Zainab za ta zo wajen goma." Na ce na ji.

Maganar yayen nan ta daɗe. Tun Halifa na wata 17 Hajiya take aiko da saƙo, wai a kawo mata mijinta haka nan, namiji in ya daɗe yana shan nono ƙwaƙwalwarsa nauyi take yi. Sunan marigayi Alhaji ya ci, shi ya sa muke ce masa Halifa, ita kuma ba ta kiransa da komai sai Maigida. Ni kuwa abin da na riƙe shi ne abin da ake nanata mana wajen awo: nono zalla wata 6, ko ruwa ban da shi, daga nan a haɗa da abinci a ci gaba har shekara 2. Kan maganar ruwan ma mun sha zaman doya da manja da Hajiya, don ita a ganinta hana jariri ruwa a zafin Kano zalunci ne. Ga kuma ayar nan ta cikin Baƙara, ta 233, da ta ce shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Amma wa zai ja wa suruka aya? Sai dai na ja wa ɗanta. Ranar ya saurare ni har na gama, ya ce, "To ƙarasa ta mana. Ai a cikinta aka ce in iyaye sun yi shawara sun yarda a yaye, babu laifi." Na ce ai ba a yi shawarar da ni ba. Ya ce ita muke yi yanzu. Da haka da haka aka ja har wata 21, kowa ya rage wani abu a nasa.

Abu ɗaya na kafe a kai, ba zan shafa masa ɗaci ba. Lokacin Sadiq an sa ni na shafa ruwan ganyen darbejiya, ya kama ya saki, ya ɗago ya kalle ni. Har yau ina ganin kallon nan. Don haka sati uku ke nan na yanke wa Halifa na rana, in ya zo yana jan riga in miƙa masa kunu ko ayaba, sai na dare kawai ya rage.

Bayan fitarsu na haɗa masa jaka. Kaya kala takwas, rigunan sanyi biyu, famfas, man shafawa, kofinsa mai hanci wanda in ba shi ba ba ya shan komai, katin rigakafi ko da za a buƙata, da garin kunun da na kai niƙa shekaranjiya, gero da gyaɗa da waken suya da na soya sama-sama. Sai wani tsohon ɗankwalina, atamfa ce da ta koɗe har ba a gane zanenta, shi yake damƙewa yana murza bakinsa in zai yi barci. Na sa, na cire, na sake sawa. In Hajiya ta gani cewa za ta yi 'ya'yan zamani ba su da kara, a kawo yaro yaye a haɗo shi da ƙamshin uwa. Daga ƙarshe na ninke shi ƙanƙane na tura can ƙasan jaka, cikin hannun rigar sanyi.

Goma saura Zainab ta yi sallama, tun daga ƙofa take kiran, "Anti, ina angon Hajiya? A fito da shi, amarya ta gaji da jira." Mai adaidaita na waje bai kashe inji ba. Halifa kuwa duk duniya ba abin da yake so kamar adaidaita. Yana jin ƙarar ya saki zanena ya nufi ƙofa da takalmi a juye. Na yi zaton za a sha fama, har na shirya ƙaryar da zan yi masa. Ko waiwaye. Ina bayan ƙyaure ina leƙe ta kafa, Zainab ta ɗora shi a cinya, ya ɗaga hannu yana yi wa akuyar maƙota bai-bai. Akuya!

Na dawo na zauna a bakin gado ina bin su da lissafi. Yanzu sun bar Ɗorayi. Yanzu suna Kabuga, in babu cunkoso. Ga Tal'udu, ga Goron Dutse. Da na ƙiyasta sun sauka Gwammaja, a lungun nan na bayan gidan Mumbayya, sai na miƙe na ɗauki tsintsiya.

Gidan ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Na yi shara ba wanda ya bi baya ya watsa. Na yi wanke-wanke ba wanda ya tsoma hannu a kumfa ya kai baki. Mai ruwa ya turo kura ya juye min jarka 6, don famfonmu ya manta da mu tun bara, na wanke yunifom na shanya. Na shiga banɗaki na rufe ƙofa, na yi wanka a tsanake ba mai buga ƙofa yana kuka. Na sha shayi da zafinsa. Duk aikin da kan kai ni azahar, sha ɗaya da rabi na gama shi. Wata nawa ina cewa Allah ya nuna min ranar da zan yi barcin rana? Na kwanta, na ja bargo, ido ya ƙeƙashe. Jaririyar gidan da ke jikin namu ta tsala kuka, kafin in ankara na diro daga gado, gaban rigata ya jiƙe.

Da na rasa abin yi sai na ce bari in gyara ƙarƙashin gado. Na jawo tukunyar nan mai cin kwano uku da ba na taɓawa sai da salla, na ji tana ƙara. Na buɗe. Safar Sadiq. Cokula uku. Murfin fulas ɗin da na ɗora wa almajirina laifinsa har na yi masa faɗa. Rimot ɗin da muka haƙura muka sayi wani. Carbin Abban Ummi. Rabin biskit da ya bushe kamar dutse. Ashe nan ne bankinsa. Na zauna daɓas a ƙasa ina dariya ni kaɗai, can kuma na ji dariyar ta koma wani abu daban. Da almajirin ya zo karɓar abincin rana na nuna masa murfin na ce ya yafe min. Ya yi ta sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin.

Maman Walid ta leƙo wajen azahar, ta kalli ƙirjina ta ce in ɗaure tamau da zane kuma kada in sha ruwa. Ta tafi, na kira wata ƙawata da ke aikin jinya. Ta ce ruwa dai in sha abina, ɗaurin ma kada ya yi tsanani; in ya cika ya dame ni in ɗan matse kaɗan yadda zan ji sauƙi, kada in tatse duka don sai ya sake kawowa, in riƙa ɗora tsumma mai sanyi. In kuwa na ji zazzaɓi ko wani gefe ya yi ja ya yi tauri, in tafi asibiti. Tata na bi, amma gobe in Maman Walid ta tambaya zan ce na ɗaure.

Ƙarfe 2 mai adaidaitan makaranta ya sauke su. Sadiq ya shigo yana waige-waige.

"Mama, ina Halifa?"

"Yana gidan Hajiya."

"An ba ta shi ne?"

"Sati biyu zai yi ya dawo."

Ya yi shiru yana tunani, ya ce, "To kekensa nawa ne." Bai ko cire yunifom ba ya haye cinyata ya kwantar da kai, abin da rabonsa da yi tun ina da cikin Halifa. Yaro ya yi nauyi ban sani ba. Ummi ba ta ce komai ba. Da na zuba garau-garau ta ɗauko faranti uku kamar kullum, ta tsaya tana kallon ƙaramin, ta mayar. Yau Alhamis babu Islamiyya, gobe ma haka, don haka muna tare har yamma. Na karɓi haddarta, na tsefe mata kai saboda kitson gobe, suka yi faɗa sau biyu kan keken da ko ɗayansu ba ya iya shiga.

Bayan magariba babansu ya dawo da tsire a takarda, wai na mai yaye ne. Na miƙa masa carbinsa, na zuba tuwo miyar kuka, na jira ya yi loma uku sannan na ce ko zai kira Hajiya ya ji. Ya ce, "Ni? In ce mata me? Ita da ta ce kada wanda ya leƙo sai bayan kwana uku." Shi kunya, ni kunya. Muka kalli juna, muka kalli Ummi.

Na ja ta gefe na koya mata: ki gaishe ta, ki tambayi jikinta, sai can ki ce ina Halifa, kamar ke kika tuna. Na buɗe murya na ajiye wayar a tabarma.

"Hajiya, ina wuni."

"A'a, kishiya, yau ke ce da kanki? Mijin naki kika biyo? Ai na ƙwace."

"Hajiya, ina Halifa?"

"Ga shi can a bayan Zainab ya yi barci. Kunu kofi biyu ya sha, ya ci tuwo har da suɗe hannu. Da la'asar ya ɗan yi ƙorafi, aka nuna masa tantabaru, shi ke nan."

Ummi ta ɗago ta kalle ni, na yi mata alama ta yi sallama. Sai ta ce, "Hajiya, Mama ta ce wai bai neme ta ba?"

Na kai mata mintsini, ta goce. Abban Ummi ya ƙware da tuwo. Ta cikin wayar ina jin dariyar Hajiya har da tari, sannan ta ce, "Ki ce wa mai aiken naki ta kwantar da hankalinta. Ɗankwalinta na hannunsa, ni da kaina na ciro masa." Na rasa inda zan sa fuskata, alhali ba ganina take yi ba.

Yanzu sha ɗaya ta wuce. Ƙirjina kamar an ɗora min dutsen niƙa, na ɗora tsumma ina rubutun nan a waya da sauran cajin da ya rage. Na yi ta faɗa wa kaina alhamdu lillahi da bai yi kuka ba, haka ake so. Amma tantabaru fa. Wata 21, a ce tantabaru sun isa.

Sadiq ya ƙi kwana a ɗakinsu, ga shi nan a gurbin Halifa ya ɗora min ƙafa a ciki, ita kuwa ta fi waccan nauyi nesa ba kusa ba. Yaran layi sun kwashe da ihu, an kawo wuta. Bari in zare jikina a hankali in goge yunifom kafin su ɗauke.