Mai kare ne ke faɗuwa a gasar hanci, ba karen ba

Gasar gano ƙamshi ga karnukan farauta ba ta da wuyar bayani. A ɗiga mai a kan 'yar auduga, a saka cikin ƙaramin gwangwani mai huda, a ɓoye ƙarƙashin kujera, ko a jikin mota, ko cikin akwati ɗaya daga jerin akwatuna iri ɗaya. Kare ya shigo da mai riƙe da shi, agogo na tafiya. Kare ya gano, mutum ya sanar da alƙali. A Amurka wasan ya taso ne a Kalifoniya a 2006, ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, AKC, kuma ta buɗe tata gasar a 2017, kuma man kanumfari na cikin abin da suke ɓoyewa. A Birtaniya har man goge bindiga ake sa wa karnuka su nemo.

Aikina a wajen horo shi ne ɓoye ƙamshin da riƙe agogo. Wato ni na san inda yake, mai karen bai sani ba. Wanda ya tsaya a nan yana ganin abin da ba a gani daga ƙarshen igiya.

Kare idan ya kama ƙamshi, jikinsa ne ke fara faɗa. Yana cikin gudu sai kansa ya juyo baya kamar an fizgo shi, ya rufe baki, numfashinsa ya koma gajeru masu sauri, kusan sau 5 a daƙiƙa ɗaya, kaɗawar wutsiya ta canza. Daidai wannan lokacin ne masu karnuka da yawa ke jan igiya, saboda a lissafinsu an riga an duba wannan lungun. Abin yana ci mini rai, domin karen ya yi aikinsa, an ɗauke shi daga kai.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Mutum ya ƙudurta a ransa cewa ƙamshin na cikin akwati na uku, ya tsaya ƙyam a gabansa, ya ɗan sunkuya. Kare ya ɗaga kai ya dubi fuskarsa, ya zauna, alamar ya gano. Ba yaudara ya yi ba, mai shi ya karanta, kuma yana son ladansa. Lisa Lit da abokan aikinta a jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun gwada wannan a binciken da suka wallafa a 2011: karnuka 18 masu aikin gano ƙwaya ko abin fashewa, a ɗakunan da babu ko ɗaya a ciki, suka ba da alamar ƙarya sau 225, kuma alamun sun fi yawa a inda aka manna jar takarda aka ce wa masu karnukan nan abin yake. Tun da na san haka na daina yarda mai kare ya ɓoye wa karensa ƙamshi da hannunsa idan ana shirin gasa.

Ƙamshi kuma ba ya zama inda aka ajiye shi. Iska na ɗebe shi ta tara a kusurwa, bangon da rana ta gasa ya ɗaga shi sama, a buɗe ƙofa ya sauya hanya. Karen da ke shinshina nesa da gwangwanin sau da yawa bakin zaren ya kama, a bar shi ya bi.

Karnukan maharba suna zuwa da tasu al'adar aiki. Kare nau'in Sifaniyel ya saba share fili yana kai da komo a gaban iska don tayar da tsuntsu, ɗaki ya yi masa kaɗan, sai an koya masa natsuwa. Labrado an haife shi ne don ɗauko abin da aka harbo, sai ya so cafke gwangwanin da baki, alƙalai kuwa ba sa son a taɓa maɓoyar. Foyinta yakan ƙame daga nesa, alhali alƙali ainihin wurin yake tambaya.

A manyan matakai akan sa ɗakin da babu komai a ciki. Kare ya zagaya, jikinsa bai canza ba, dole mutum ya buɗe baki ya ce babu, alhali zuciyarsa na raya masa ya sake zagayawa. Yawancin alamun ƙaryar da nake gani, a zagaye na biyun nan suke fitowa.