Abin da lamba 4,294,967,297 ta koya mini a aji

Lambar da na fi amfana da ita a koyar da lissafi a nan Jos ita ce 4,294,967,297. Idan ka jera 2 har guda 32 ka yi ta ninka su da juna, ka ƙara ɗaya, ita za ka samu.

Wajen 1640, Fermat, wani lauya Bafaranshe mai tsananin son lissafi, ya lura da jerin lambobi masu irin wannan gini, inda yawan 2 ɗin da ake jerawa yake 1, 2, 4, 8, 16: 3, 5, 17, 257, 65,537. Dukansu faraim ne, wato babu mai raba su ba ragowa sai 1 da su kansu. Ya sakankance duk masu biyowa haka suke. Ta shida a jerin ita ce tamu.

Ɗalibaina kan fara da abin da suka sani. Mara ce, don haka 2 ba ta shiga. Ba ta ƙare da 0 ko 5 ba. Su tara alƙalumanta su samu 59, 3 ma ta fita. Su gwada 7, 11, 13 a kalkuleta, sannan wani ya ɗaga hannu: "Malam, wallahi faraim ce." A nan nake tsayawa, don mun kai ga darasin. Mai son tabbatarwa ta hanyar gwaji sai ya bi duk faraim ɗin da ke ƙasa da 65,536 (domin 65,536 sau 65,536 ya kusa kai lambar tamu), kuma sun haura dubu shida.

Euler, wani masanin lissafi ɗan ƙasar Switzerland, shi ne ya warware ta a 1732, ya nuna ba faraim ba ce: 641 sau 6,700,417. Abin da ya fi burge ni dabarar da ke bayan wannan. Duk faraim ɗin da zai raba lambar dole ya zama ninkin 64 an ƙara ɗaya. Da wannan rariya, abin da ya rage a gwada shi ne 193, 257, 449, 577, sai 641. Ina sa yara su yi ninkin 641 sau 6,700,417 da hannu a allo, alli na karyewa, yatsu sun sandare da sanyin safiya, har 297 ta fito a ƙarshe. Wanda ya yi da hannunsa ba ya mantawa.

Tun da na fara kawo ta aji na sauya yadda nake duba aikin gida. Yaron da ya gwada misali biyar ya ce doka ce, sai in tambaye shi dalili kafin in ba shi maki, ko da amsarsa daidai ce. Yana damuna ƙwarai yadda shirin WAEC ke tura mu haddar hanya ba tare da hujja ba.

Masu rabonta huɗu ne kacal: 1, 641, 6,700,417 da ita kanta, domin 6,700,417 ɗin ma faraim ce. Kuma har yau, duk da ƙarfin kwamfuta, ba a samu wata faraim a jerin Fermat bayan 65,537 ba.